Ina son zuwa waje koyon haɗa kayan kiɗa, masu sani dan Allah a ba ni shawara

Kafintan Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen duk wanda ya san harkar nan ko yake zaune a waje. Ni kafinta ne a Zariya, shekarata 26, na gama sakandare na yi difloma, amma a shagon babanmu na tashi, kujeru da gadaje da wadirob muke yi. To 'yan shekarun nan masu kiɗa suka fara kawo min jita gyara, wani wuyanta ne ya ɓalle wani bayanta ya buɗe, ina haɗawa tana zama, magana ta bazu har 'yan coci da 'yan situdiyo suna aiko min daga Kaduna. Kwanaki aka kawo min bayolin, wato gogen Turawa, fuskarsa ta tsage kuma akwai wani ɗan itace siriri yana yawo a ciki in ka girgiza, na duba na duba ban ga ta inda zan mai da shi ba, haka na mayar wa mai shi ban taɓa ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, tun ranar nake bin bidiyon masu haɗa shi har dare ya raba, kuma na gane aikin nan ba irin namu na kusa da guduma ba ne, ilimi ne mai zaman kansa.

Na ji ana cewa akwai makarantu a Italiya da Jamus da ba abin da ake koyarwa sai haɗa kayan kiɗa, kuma suna ɗaukar baƙi. Shine nake tambaya, shin gaskiya ne ɗan Najeriya irina zai iya samun shiga, da wane yare ake karatun, nawa mutum zai tanada, akwai tallafi ko babu, sannan babbar tambayar da babanmu ya yi min wadda na kasa amsawa, in ka dawo wa zai saya? Ban iya kiɗa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba a jita. Dan Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya ko ba daɗi.

Mazaunin Biresha:

Wa alaikumus salam ƙanina. Ni a Italiya nake, garin Biresha, katako nake yi ni ma amma a kamfanin ƙofofi da tagogi, kuma Kiremona da kake jin labari kamar tafiyar awa ɗaya ce daga nan a jirgin ƙasa, na sha zuwa, in zaka nema a intanet ka rubuta Cremona. Gaskiya ne makarantar tana nan, ta gwamnati ce, an buɗe ta a 1938 bayan an yi bikin cikar Stradivari, shahararren mai haɗa bayolin na garin, shekara 200 da rasuwa, shi a 1737 ya rasu kuma sunansa makarantar take ɗauke da shi. Baƙi kam cike take da su, 'yan Japan da Koriya da Chaina da Latin Amurka. Amma ka san wani abu tun yanzu, a tsarinsu matakin sakandare ce ta sana'a mai shekara biyar, wanda ya riga ya gama sakandare a ƙasarsu akan yi masa jarabawa, in ya ci sai ya tsallake shekarun farko. Kuma komai da Italiyanci ake yi, malami ba zai tsaya yi maka fassara ba yana riƙe da wuƙa a hannu. Akwai wata kuma ta birnin Milan wadda har jita da danginta ake koyarwa, kai da ka fara da jita ka duba ta. Akwai masu zaman kansu a cikin Kiremona, su kuɗi ne mai nauyi.

Bari in ba ka labarin ɗan itacen da ya hana ka barci. Ba a manna shi da komai, tsayuwa yake yi tsakanin fuska da baya, matsin tsarkiyoyi ne yake riƙe shi, shi yasa in aka kwance tsarkiyoyin duka lokaci guda yake faɗuwa. Ta wannan ramin mai lanƙwasa na gefen fuska ake zura shi da wani ɗan ƙarfe mai gwiwa, a soke shi a tsayar da shi daf da ƙafar abin da tsarkiyoyi suke hawa, kuma in ka gusa shi da rabin milimita muryar bayolin ɗin gaba ɗaya ta canza. Ka kyauta da baka taɓa ba. Sannan dan Allah duk ranar da aka sake kawo maka kar ka sa masa farin gulu ko sufa gulu, gam ɗin fata ake sawa, wanda ake narkawa a ɗan tukunya cikin ruwan zafi kamar digiri 60, dalili kuwa shi ko bayan shekara ɗari in aka sa masa ɗumi da laima zai saki a buɗe a gyara a mayar, wancan kuwa sai dai katakon ya yage.

Na taɓa tsayawa a shagon wani dattijo a can ina kallonsa yana fere fuskar bayolin. Abin ferewar bai wuce babban yatsa ba, yana ɗebo ɓawo siriri da har haske kana gani ta cikinsa, ya ɗan yi sai ya ɗaga katakon da yatsa biyu ya kai kusa da kunne ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ya saurara, ya ɗan murɗa shi a hannu, ya auna kaurin, wajen milimita uku, ya koma ya ƙara ɗebe kaɗan a wuri guda. Ni da nake yanka katako da inji kullum wallahi jikina ya yi sanyi. Bayolin ɗaya guntaye kusan 70 ne a jikinsa, kuma yakan ci awa 200 ko fiye kafin a gama, ban da jiran banish ya bushe. In Allah ya kawo ka ka shiga gidan tarihin bayolin da aka buɗe a 2013, ma'aunai da zane-zane da kayan aikin Stradivari suna nan a ajiye, UNESCO ma ta sa sana'ar garin cikin kayan gadon duniya tun 2012.

Maganar kuɗi kuma, tunda ta gwamnati ce ba kuɗin makaranta ne zai karya ka ba, haya ce da abinci da inshorar lafiya da kayan aiki, don wuƙaƙe da kurfi da duwatsun wasawa kowa nasa yake tarawa. Wajen biza sai ka nuna takardar ɗauka da wurin zama da kuɗin da zai riƙe ka, takardunka na makaranta kuma sai an fassara an tantance. In ka sauka kwana takwas na aiki gare ka ka nemi takardar zama, kuma ɗalibi awa 20 a sati aka yarda ya yi aiki, kar ka ɗora lissafinka a kan wannan don makarantar cinye yini take yi.

Yanzu tambayar Baba, kuma ita ce tambayar gaskiya. Kiremona mutanenta wajen dubu 70 ne amma shagunan masu haɗa bayolin sun haura 150, su kansu kasuwarsu a waje take, Asiya da Amurka. Bayolin na hannu dubban yuro ne, ga na masana'antun Chaina da ake samu da araha a Legas. In ka ce zaka dawo Zariya ka zauna kana haɗa sababbi kana jiran mai saye, kamar tela ne ya ƙware a kwat ya buɗe shago a garin da kowa babbar riga yake sawa. Ni a ganina abincinka a gyara yake. Coci-coci a Jos da Kaduna da Abuja da Legas, makarantun kuɗi, sassan koyon kiɗa na jami'o'i, cibiyar kiɗa ta MUSON a Legas, duk suna da kayan da suka lalace aka jibge a sito saboda babu mai hannu. Ka zo da niyyar gyara, haɗa sabo kuwa dole zaka koya don ta nan ake gane yadda abin yake aiki.

Anti Munik:

Ƙanina sannu da ƙoƙari, Allah ya dafa maka. Ni jinya nake yi a Munik, ta hanyar koyon sana'a na shigo, don haka ɓangaren takardu zan fi yi maka amfani. Makarantar da ake nufi a Jamus tana Mittenwald, wani ɗan gari a gindin duwatsu kan iyakar Ostiriya, bai kai awa biyu daga nan a jirgin ƙasa ba, tun 1858 take, ta gwamnatin jiha ce ba a biyan kuɗin karatu, kuma ba bayolin kawai ba har jita da kayan busa na katako da na ƙarfe. Karatun ba ya gaza shekara uku. Amma mutane kaɗan ake ɗauka a shekara kuma sai an yi jarabawar shiga, a ga hannunka a kan katako a ga zanenka a gwada kunnenka, kuma ana so ka ɗan iya kaɗa abin da kake son haɗawa, don haka wannan “ɗan abin da ba a rasa ba” naka ka ƙara masa. Akwai kuma Markneukirchen a gabas, can digiri ake yi a ƙarƙashin jami'ar Zwickau.

Abin da nake so ka gane hanya biyu ce. In makaranta zalla ka shiga ba mai ba ka ko sisi, kai zaka nuna kana da abin ci, na ɗaliban jami'a dai yuro 11,904 ake kullewa a banki na shekara ɗaya suna sakar maka 992 duk wata, ka buga da canjin yau ka gani. Hanya ta biyu ka sami mai shago ko kamfani ya ɗauke ka almajiri da kwantiragi, kana aiki kana zuwa makaranta lokaci-lokaci ana ba ka ɗan albashi, kuma wannan albashin yana shiga cikin shaidar da ake nema wajen biza. Masu fiyano da masu ogan da masu kayan busa haka suke yi, da yawansu makarantar Ludwigsburg kusa da Stuttgart suke zuwa karatun aji. Ni da kai ne da na duba fiyano ko kayan busa na ƙarfe sosai, ka tuna bandin sojoji da na 'yan sanda da na makarantu a gida duk ƙahonin nan suke busawa kuma lotsewa suke yi.

Ko wacce ka ɗauka dai Jamusanci ne gaba, matakin iya yare na B1 shine ƙasa, in da hali ka kai B2, cibiyar koyar da Jamusanci ta Goethe tana Legas can ake jarabawar. Ka ba shi shekara guda cur. Kuma dan girman Allah kar ka ba wani ejan kuɗi wai zai samo maka gurbi, na san wata da aka cinye wa kuɗin filinta a haka, makarantun nan da kanka kake rubuta musu kuma suna amsawa.

Baba na Fagge:

Ɗana, ni ban san Italiya ba ban san Jamus ba, amma na san garin nan. Kana da sana'a mai mutunci a hannunka wadda ka gada. Ka san yadda mutanenmu suke kallon duk abin da ya shafi kiɗa, ba ruwansu da cewa kai haɗawa kake yi ba kaɗawa ba, ranar da aka je nema maka aure za a yi maganar. Sannan akwai ɓangaren addini, malamai sun yi magana a kan kayan kiɗa kuma ba bakinsu ɗaya ba, kar ka ɗauki fatawa a wajen irinmu, ka je ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka faɗa masa ainihin abin da zaka riƙa yi da waɗanda zaka riƙa yi wa. Kuma ko an ba ka kujerar jirgi kyauta kar ka taka sai mahaifinka ya sa albarka da bakinsa. Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Kafintan Tudun Wada:

Amin Baba, na gode ƙwarai, wallahi maganarka ta shige ni. Babanmu bai hana ba, cewa ya yi in kawo masa bayani mai kai da ƙafa, kuma ba zan motsa ba sai da yardarsa, malam kuma insha Allahu zan same shi cikin satin nan. Kafinta kuwa ba barinta zan yi ba, ƙari nake nema a kanta. Yaya na Biresha da Anti Allah ya saka da alheri, kun buɗe min ido, lissafin yuron nan na buga shi sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Amma ban karaya ba.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum. Ɗan uwa na karanta duk abin da anka rubuta, bayanai ne masu kyau, amma akwai abin da ya dame ni, kowa na nuna maka Turai ba wanda ya ce maka ka leƙa bayan gidanku. Kai da ke Zariya, ka taɓa zama wurin mai haɗa goge ko kukuma ko gurmi ko da yini guda? Ka ga yadda ake zaɓen ƙwarya, a ƙwanƙwasa a ji wadda ta ƙosa ba ta da tsaga, a jiƙa fatar guza a ja ta a kan baki a kafe ta tana bushewa tana ɗaurewa, a huda ramin da murya ke fita, a tsefe gashin wutsiyar doki a daidaita shi a shafa ƙaro? Ka ga masassaƙi ya ɗauki gizago ya rarake icen alilliba ya fidda kalangu, kaurin jikin da hannu yake jinsa ba da ma'auni ba? Wanga ma ilimi ne, kuma shi ba a rubuce yake ba, tsofaffin na tafiya da shi ɗiyansu sun koma kabu-kabu da kasuwa. Marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntigi ya zagaya duniya, gwangwani ne da fata da tsarkiya guda, amma je ka nemi wanda zai haɗa maka mai irin wannan muryar yau ka ga wahala.

Mu nan Nijar munka ga misali da idonmu. Malam Mamman Barka, Allah ya jiƙan shi, makaɗin gurmi ne sananne, a 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi wurin Buduma ya zauna gun wani tsoho, Bukar Tar, wanda shi kaɗai ya rage da sanin biram, abin kiɗa mai tsarkiya biyar mai siffar kwale-kwale. Ya koya ya fito da shi har Turai, ya rasu a 2018. Da bai je ba da abin ya bi tsohon. A Yamai kuma akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, tun 1989, suna da ɗaki cike da kayan kiɗanmu na gargajiya, daga Zariya zuwa can bai kai kuɗin fasfo da biza ba.

Ba cewa nike kar ka tafi ba, ka tafi, ni ma ina so a samu namu da ya san awo da gam da busar da katako irin nasu. Don gogenmu na da matsalolin da har yau ba wanda ya zauna ya warware, da damina fata ta saki murya ta mutu sai an kai shi rana ko bakin wuta, ɗaurin tsarkiya ba shi da abin murɗawa da zaka daidaita shi da fiyano in an shiga situdiyo, ƙwarya ta faɗi ta fashe shikenan. Wanda ya san na gida ya kuma san na waje shi ne zai iya taɓa waɗannan ba tare da ya kashe muryar ba. In ka tafi ba ka san na gida ba, abin da zaka dawo da shi nasu ne kawai, kuma sun fi ka iya shi. Ga wata riba ma, ranar da zaka rubuta wa makarantar, masu nema da yawa bayolin rabi-da-rabi za su nuna, kai ka nuna goge da gurmi da ka haɗa da hannunka da hotunan kowane mataki, wallahi sai sun tsaya sun duba.

Amma ka kiyaye, kar ka saka goge mai fatar guza ko damo cikin jaka ka nufi filin jirgin Turai. Dabbobin nan na cikin jerin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji da itatuwa, sai da takardar izini ake ƙetara iyaka da fatarsu, in babu kwastan na iya ƙwacewa. Ka aika hoto da bidiyo, ko ka haɗa na tafiya da fatar akuya.

Ɗalibi a Izmir:

Slm yaya. Ni injiniyanci nake karantawa a Turkiyya amma bari in ƙara wata ƙofar da ba a ambata ba. Nan haɗa kayan kiɗa digiri ne na shekara huɗu a jami'ar gwamnati, akwai sashen a jami'ar Ege nan Izmir akwai kuma a jami'ar fasaha ta Istanbul, ana koyon haɗa kayan kiɗansu masu tsarkiya, udu da kanun da baglama, har da bayolin. Na taɓa shiga wajen aikinsu, udu bayansa ba rarake shi ake yi ba, siraran katakai ake lanƙwasawa a jikin ƙarfe mai zafi a jera su ɗaya bayan ɗaya a kan wani ƙwarangwal har su zama ƙoƙo, kai da ka saba da katako zaka ji daɗin kallon. Rayuwa ta fi Jamus sauƙi, abinci halal ko'ina ga masallatai, ta wannan ɓangaren hankalin su Baba zai fi kwanciya. Matsalar ita ce tallafin gwamnatin Turkiyya da ake cikewa Janairu zuwa Fabrairu, wanda yake haɗe da shekara guda ta koyon yare, a matakin digirin farko sai wanda bai kai 21 ba, kai ka wuce, sai dai ka zo da kuɗinka, kuma sashen sai an yi jarabawar gwada baiwa sannan da Turkanci ake karatun. In kuma takarda ba ta dame ka ba hannu kake so, kuma kana da Larabci ko na islamiyya ne, a Alƙahira akwai titin Muhammad Ali da aka san shi da shagunan masu haɗa udu tun da daɗewa. Sai dai ka tambayi kanka su waye masu udu a Najeriya, ba su kai masu jita ba ko kusa.

Kafintan Tudun Wada:

Malam na Maraɗi ka faɗi gaskiya, akwai wani tsoho ta wajen Giwa da aka ce yana haɗa kukuma, zan neme shi in ce ya ɗauke ni yaro ko ranakun da ba aiki a shago. Na yanke zan fara da wannan da kuma yare, zuciyata ta fi karkata ga Italiyanci saboda makarantar Milan mai jita. Yaya na Biresha tambaya ɗaya ta rage, in na dawo da wane katako zan yi aiki, namu na nan zai yi ko komai sai an shigo da shi?

Mazaunin Biresha:

Madalla ƙanina. Fuskar bayolin da ta jita wannan kam sai an shigo da ita, wani farin icen ƙasashen sanyi ne mara nauyi mai tsayayyen zare, na Kiremona da yawa daga dazukan Val di Fiemme a arewacin Italiya ake kawowa, bayan bayolin da gefensa kuma daga yankin Balkan, kuma tsaga shi ake yi a jingine shekaru yana bushewa kafin a taɓa. Don gyara ba da yawa kake buƙata ba, 'yan guntaye a jaka sun ishe ka tsawon lokaci. Amma baƙin katakon da ake dannawa da yatsu daga Afirka yake zuwa, Kamaru ce babbar mai fitar da shi, kamfanin jita na Taylor ma da abokin hulɗarsa sun sayi masana'antar yankansa a Yawunde a 2011, kuma icen dangin kanya ne. Maɗaci kuwa danginsa ake yi wa jita wuya da baya a manyan kamfanoni, don haka jita zaka iya haɗa mafi yawanta da na gida. Sai dai maɗaci da madobiya duk sun shiga wancan jerin da ɗan uwa na Maraɗi ya faɗa, aiki a gida ba matsala, fitar da katakonsu waje ne sai da takarda.

Abin da makarantar ba zata koya maka ba shine hunturu. Kayan nan laima tsakanin kashi 40 zuwa 60 suke so, mu kuwa da hunturu takan sauka ƙasa da 20 sannan da damina ta haye 70, katako ya tsuke ya kumbura ya tsuke, kusan na tabbata abin da ya tsaga wancan bayolin kenan. Ka sayi ɗan agogon auna laima ka rataye a shago tun yanzu ka riƙa rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Kuma in zaka rufe jikin jita ka rufe ta a lokacin rani iska a bushe, wadda aka haɗa a bushe in damina ta zo kumbura kawai zata yi ta koma, wadda aka haɗa da damina ita ce take tsagewa a Janairu.

Kafin ka zo ka koyi wasa kurfi da wuƙa har su aske gashin hannu, ka koyi haɗa katako biyu baki da baki ka ɗaga a rana haske bai ratsa ba, ba tare da samfefa ba. Gam ɗin fata kuma ba sai ka jira Italiya ba, ka je wajen majema ka karɓi guntayen ɗanyar fatar da ba a jeme ba, ka wanke ka jiƙa ta kwana, ka dafa a wuta kaɗan-kaɗan kar ya tafasa, ka tace ka shanya. Ka manna guntaye biyu ka bar su kwana ɗaya sannan ka karya, in katakon ne ya yage ba layin gam ɗin ba to ya yi. Ka ɗauki hoton ka turo mu gani.